Wa Ya Tara Tudun Granard?

A karkarar Ailan, musamman ta gabas, akwai wani irin tudu da ke tsaye a tsakiyar makiyaya. Kansa a baje yake kamar an yanke shi da wuƙa, gwalalo ya kewaye gindinsa. Da gani ka san aikin hannu ne. Amma galibinsu ba bango, ba rubutu. To, wa ya tara wannan ƙasa?

An daɗe ana cewa aikin mayaƙan teku ne daga Denmak. Sai dai su a bakin ruwa suka kafa garuruwansu, irin su Dublin da Waterford, tuddan kuwa har can cikin ƙasa suke. Masanin kayan tarihi Thomas Westropp ya ce da yawansu tun zamanin tsofaffin sarakunan Ailan suke.

Goddard Orpen ne ya bi sawun da ya dace, a farkon shekarun 1900. Ya ɗauki tsofaffin littattafan tarihi ya riƙa gwada su da ƙasa. An rubuta cewa Richard Tuite, ɗaya daga cikin Normawa, ya gina sansani a Granard a 1199, ga tudu nan a Granard. An ambaci na Knockgraffon a 1192, can ma ga tudu. Haka suka yi ta dacewa a yankunan da Normawa suka ci bayan shigowarsu Ailan a 1169. A ganina, wannan haƙurin nasa ne ya kashe gardamar.

Saura tambaya ɗaya: in sansani ne, ina ginin? Ƙyallen Bayeux, wanda aka yi wa ɗinkin labarin yadda Normawa suka ci Ingila a 1066, ya nuna mutane da shebur suna tara tudu a Hastings, ga kuma gine-ginen katako a kan wasu tuddan. A farkon shekarun 1950, Dudley Waterman ya tona kan tudun Clough a gundumar Down, ya tarar da ramukan turakun kafin da ya zagaye saman, da ramukan da ake jin na maharba ne.

Ashe da itace aka yi ginin. Baƙon da ya ƙwace ƙasa ba shi da lokacin sassaƙa dutse, ƙasa da itace kuwa suna nan kusa. Itacen ya ruɓe ko an ƙone shi. Tuddan kuma da yawa sun tsira daga garma domin manoma sun ɗauke su gidajen aljanu, ba mai yarda ya sa musu fartanya.