Adaftar haɗa gilashin kyamara da wayar hannu

Adaftar haɗa gilashin kyamara da wayar hannu wata na'ura ce da ake sanyawa tsakanin wayar salula da gilashin babbar kyamara, irin wanda ake cirewa a sauya da wani, domin a ɗauki hoto ko bidiyo da wayar ta cikinsa. Wannan gilashi shi ne wasu ke kira ruwan tabarau. An fi sanin na'urar da suna adaftar DOF ko adaftar 35mm. Masu shirya gajerun finafinai da bidiyon waƙa ne suka fi amfani da ita, saboda tana sa fuskar mutum ta fito tas, abin da ke bayansa kuma ya dushe, kamar yadda ake gani a finafinan silima. Adaftar ba ta isar da hasken babban gilashin kai tsaye zuwa cikin wayar. Gilashin yana jefa hoto ne a kan wani ƙaramin allo da ke cikinta, sai wayar ta ɗauki hoton wannan allon. Daga nan amfaninta ya samo asali, daga nan kuma matsalolinta suke.

Dalilin da ya sa ba a haɗa su kai tsaye

Kowane gilashin kyamara an ƙera shi ne ya tattara haske a wani ƙayyadadden nisa daga bakin da ake ɗaura shi, inda sensa take, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. A tsarin Canon EF nisan milimita 44 ne, a Nikon F milimita 46.5, a Sony E kuwa milimita 18. Dole tsakanin gilashin da sensar ya zama babu wani gilashi da zai sake karkata hasken. Ita kuwa waya tana da nata ƙaramin gilashin da aka haɗa da sensarta tun daga masana'anta, ba a yi shi don a cire ba. Idan mutum ya kara babban gilashi a gabansa haka kawai, abin da zai gani shi ne da'irar haske mai hazo, kewaye da baƙi.

Ko da an fasa wayar an cire nata gilashin, matsalar girma tana nan. Fim na 35mm, da sensar da aka yi daidai da shi, faɗinsu milimita 36 ne, tsayi 24. Sensar wayoyi da yawa ba ta wuce milimita 5.6 da 4.2 ba, wato ta gaza ta babbar kyamara kusan sau shida idan an auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Irin wannan sensa tsakiyar hoton kaɗai za ta kama. Gilashin 50mm, wanda a babbar kyamara yake nuna abu kusan yadda ido ke gani, zai koma kamar na 300mm, ba abin da zai yi sai jawo abu mai nisa. A cikin ɗaki ba zai yi amfani ba.

Yadda take aiki

Adaftar bututu ce mai sassa uku. A gaba akwai bakin da ake murɗa gilashin kyamara a ciki. A tsakiya akwai allon gilashi da aka goge fuskarsa ɗaya har ta yi hazo, an ajiye shi daidai inda sensar babbar kyamara za ta kasance. A baya kuma akwai gilashin ƙara girma, wanda ke taimaka wa wayar ta iya ganin allon sosai duk da kusancinsa. Galibi akan ƙara wani gilashi dab da allon don ya rarraba haske har gefe-gefe. Wayar da adaftar duka ana ɗaure su a jikin firam na ƙarfe ko roba mai ƙarfi, yadda idon kyamarar wayar zai fuskanci tsakiyar bututun.

Amfanin allon shi ne girmansa. Dushewar bayan hoto tana da alaƙa da tsawon gilashi na ainihi, da faɗin ƙofar haskensa, da nisan abin da ake ɗauka. Babban gilashin waya tsawonsa kimanin milimita 4 zuwa 7 ne kawai, shi ya sa kusan komai ke fitowa tas a hoton waya, na kusa da na nesa. Amma hoton da gilashin 50mm ko 85mm ya jefa a kan allo mai girman fim ya riga ya zo da dushewarsa. Wayar ba ta ƙara komai, kwafe abin da ta gani take yi. Haka launi da walƙiyar haske da sauran halayen gilashin suke biyo hoton.

Hoton da ke kan allon a kife yake, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Ana gyara wannan da manhajar ɗaukar bidiyo mai iya juya hoto, kamar FiLMiC Pro, ko a juya shi wajen tacewa a kwamfuta. Akwai kuma saiti biyu da ake yi: da farko a saita wayar a kan allon a kulle ta, sannan a riƙa murza zoben babban gilashin da hannu don fito da abin da ake ɗauka. Wanda ya manta bai kulle wayar ba zai ga hoton yana shiga yana fita ba dalili.

Gilasan da suka fi dacewa

Babu wata wayar lantarki tsakanin adaftar da gilashin, don haka saita hoto da kansa da hana girgiza duk ba sa aiki. Wannan ya sa tsofaffin gilasai masu zoben ƙofar haske a jikinsu suka fi na zamani dacewa. Gilasan Canon EF, tsarin da ya fito a 1987, da lantarki ake sarrafa ƙofar haskensu, idan an cire su daga kyamara a buɗe take zama. Gilasan Nikon masu alamar G ba su da zoben, kuma su a tsuke suke zama, sai an sami mahaɗi mai maɓallin buɗewa. Tsofaffin gilasan Nikon F da na tsarin M42, kamar Helios 44-2 mai 58mm da aka ƙera a Tarayyar Sobiyet, suna da farin jini a wannan aiki saboda arha da sauƙin sarrafawa.

Ana so gilashin ya zama mai faɗin ƙofa, kamar f/1.4 zuwa f/2.8. Da zarar an tsuke ƙofar sosai, gefen hoton kan yi duhu, ƙwayoyin allon kuma su bayyana kamar an watsa yashi.

Tarihi

Dabarar ta girmi wayoyin zamani. A farkon shekarun 2000 masu shirya fim da ƙananan kyamarorin bidiyo na MiniDV sun fuskanci wannan matsala ta ƙanƙantar sensa. Kamfanin P+S Technik na ƙasar Jamus ya fito da Mini35, daga baya aka sami masu sauƙin kuɗi irin su Letus35, Brevis35 da M2 na Redrock Micro. Yawancinsu suna da ƙaramin inji da ke juya allon ko girgiza shi don kada ƙwayoyinsa su fito a hoto. Kasuwarsu ta faɗi bayan 2008, shekarar da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito da ɗaukar bidiyo a kan babbar sensa, aka daina buƙatar allo a tsakani.

Da kyamarar waya ta inganta sai dabarar ta dawo. A 2011 kantin Photojojo na Amurka ya sayar da wata adafta ta iPhone 4 mai karɓar gilasan Canon ko Nikon. Daga baya kamfanoni kamar Beastgrip da Ulanzi sun yi nasu, tare da firam mai karɓar wayoyi iri-iri. Allon waɗannan na waya galibi a tsaye yake, ba ya motsi.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce asarar haske. Allon yana warwatsa hasken da ya faɗo masa, sau da yawa rabi ko fiye da haka ba ya isa sensar wayar, ga shi ƙaramar sensa dama ba ta jure duhu. Da rana a waje aikin kan yi kyau, da dare ko cikin ɗaki sai da fitilu. Hoton ba ya kai kaifin na wayar ita kaɗai, musamman a gefe. Ƙura ɗaya idan ta hau allon za ta fito a wuri guda cikin dukkan bidiyon, kuma goge allon da tsumma na iya karce shi, shi ya sa ake hure shi da iska.

Wayoyi masu kyamara uku ko huɗu sun kawo sabuwar wahala. Wasunsu kan sauya daga wannan kyamara zuwa waccan da kansu idan suka ga abu a kusa, sai hoton ya yi baƙi ƙirin, tunda ɗayar ba ta fuskantar bututun. Ga kuma nauyi: waya da firam da adafta da gilashi sukan haura kilo ɗaya, dole a tallafi gilashin kada ya karya bakin adaftar. Idan aka haɗa kuɗin kayan nan, sau da yawa ya isa sayen tsohuwar kyamara mai babbar sensa, wadda za ta ba da hoto mafi tsabta. Masu zaɓen adaftar dai sukan yi haka ne don suna son laushin hoton da ƙwayoyinsa masu kama da na tsohon fim, ko don suna da gilasan a ajiye.

Wasu hanyoyi

Akan rikita adaftar DOF da ƙananan gilasan da ake maƙalawa a bayan waya, irin na Olloclip da Moment. Waɗannan ba su da allo, faɗaɗa abin da wayar ke gani kawai suke yi ko su jawo shi, kuma ba sa cin haske sosai. Da irinsu aka yi wasu fitattun finafinan waya. Sean Baker ya ɗauki Tangerine na 2015 da iPhone 5s da gilashin Moondog Labs mai faɗaɗa hoto, Steven Soderbergh kuma ya ɗauki Unsane na 2018 da iPhone 7 Plus.

Wata hanyar ita ce a bar sensar wayar gaba ɗaya. Sony QX1 ta 2014 da Olympus Air A01 ta 2015 kyamarori ne marasa fuskar kallo, masu babbar sensa da bakin sauya gilashi, ana maƙala su a jikin waya su riƙa aika mata hoto ta Wi-Fi. Ba su daɗe a kasuwa ba. A 2022 kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya nuna samfurin gwaji na 12S Ultra mai sensa ta biyu da ba a sa mata gilashi ba, ana ɗaura mata gilasan Leica M, amma bai fitar da ita kasuwa ba.

Abin da ya fi rage buƙatar adaftar shi ne manhaja. Wayoyin zamani, irin su iPhone 7 Plus ta 2016, suna auna nisan abubuwa su dusar da bayan hoto da lissafi. Ga yawancin mutane wannan ya wadatar, sai dai lissafin kan yi kuskure a wajen gashi, gilashin ido da yatsu, inda yakan dusar da abin da bai kamata ba. Dushewar da adafta ke bayarwa daga hasken kansa take fitowa, don haka ba ta yin wannan kuskuren.