Ko Kun Sani? Sirrin Kan Kebul ɗin USB-C

Ko kun san cewa ɗan ƙaramin kan kebul ɗin nan na USB-C, wanda ake soka wa wayoyi da kwamfutoci, yana ɗauke da fil 24 a cikinsa? An jera su layi biyu, 12 a sama, 12 a ƙasa, shi ya sa ko ta wane gefe aka soka shi yake shiga.

• Lokacin da USB ya fito a 1996, iyakar saurinsa megabit 12 ne a sakan. A 2000 ya kai megabit 480, sannan a 2008 USB 3.0 ya zo da gigabit 5. Galibi ana gane shi da shuɗin roba a cikin bakinsa.

• An fitar da tsarin USB-C a 2014. Da fasahar Thunderbolt 3 ko USB4, kan yana iya tura gigabit 40 a sakan, ya kai hoto allon talabijin, ya kuma yi caji, duk a lokaci guda.

• Amma kama da wane ba ta wane. Kebul da yawa masu kan USB-C, musamman waɗanda ke zuwa da caja, ba sa wuce megabit 480, domin babu wayoyin sauri a cikinsu. Kafin ku saya, ku duba adadin da aka rubuta a kwalin.

• Tun Disamban 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyin salula amfani da USB-C. Kamfanin Apple ya koma amfani da USB-C a wayoyinsa tun 2023, da iPhone 15.