Ma'aunin BMI da Jikin Ɗan Dambe

A asibiti, ma'aikacin lafiya kan ɗora mutum a kan sikeli, ya auna tsayinsa, sannan ya raba nauyin da tsayin, ya sake raba abin da ya samu da tsayin. Abin da ya fito shi ake kira BMI. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a baki ɗaya, ba don duba mutum ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa sama nauyi ya yi yawa, 30 kuwa ƙiba ce.

Matsalar ita ce sikeli bai san tsoka daga kitse ba, alhali tsoka ta fi nauyi. Ɗauki ɗan dambe a Kazaure bayan kaka, ko ɗan dako mai sauke buhunan gero a kasuwar Babura, tsayinsa mita 1.75, nauyinsa kilo 85. Lissafi zai ba shi kusan 28, a ce ya yi nauyi, ga shi kuwa cikinsa a shafe, damtsensa kamar taɓarya.

Abin da ya fi damuna shi ne kishiyar wannan. Siririn mutum mai tumbi, wanda ke wuni a zaune, zai iya samun 23 ya saki jiki, hawan jini da ciwon sukari na tafe.

Shi ya sa likitoci ke haɗawa da awon ƙugu: kada kewayensa ya wuce rabin tsayinka. Da zare ma za a iya gwadawa a Roni ko Gwiwa.