Scherenberg: Bishop mai sanda da takobi

A babbar majami'ar birnin Würzburg da ke jihar Bavariya a kudancin Jamus akwai siffar wani tsoho da aka sassaƙa da jan dutsen marmara, tsaye jikin ginshiƙi, yana riƙe da sandar limanci a hannu ɗaya, takobi kuma a ɗaya hannun. Wannan ita ce alamar kabarin Rudolf von Scherenberg, bishop ɗin birnin daga shekara ta 1466 zuwa 1495.

Shi dai takobin ba ado ba ne. A wancan zamani bishop na Würzburg shugaban addini ne kuma sarki, mai karɓar haraji da yanke hukunci. Scherenberg ya haura shekaru 60 lokacin da ya hau gadon mulki, ya kuma tarar bashi ya yi wa ƙasar katutu, har an jinginar da garuruwa da gidajen sarauta. Ta hanyar tsuke bakin aljihu da ƙarin haraji ya biya bashin, ya fanso akasarin abin da aka jinginar.

To sai dai talakawa sun ji jiki. A shekara ta 1476 wani makiyayi kuma makaɗi mai suna Hans Böhm ya shiga wa'azi a ƙauyen Niklashausen, yana sukar kwaɗayin limamai tare da kira da a daina biyan haraji, dubban manoma kuma suka yi ta tururuwa zuwa wurinsa. Bishop ɗin ya sa aka kamo shi, aka ƙone shi da rai a Würzburg bisa zargin karkatar da jama'a daga addini.

Bayan rasuwar Scherenberg yana da shekaru sama da 90, magajinsa Lorenz von Bibra ya ɗora wa masassaƙi Tilman Riemenschneider aikin kabarin, wanda ya gudana daga 1496 zuwa 1499. Masassaƙin bai ƙawata fuskar marigayin ba, ya fito da tamojin tsufa da kumatun da suka shafe da idanun da suka gaji, abin da ya sa masana ke lissafa aikin cikin mafiya inganci na zamanin.

Wuta ta cinye majami'ar a harin jiragen yaƙin Birtaniya na ranar 16 ga watan Maris na 1945, amma siffar tsohon ta tsira.