Babban Allo da Firosesa: Zaɓin Farko Wajen Harhaɗa Kwamfuta

Ba lalle ne sai mutum ya sayi kwamfuta a haɗe daga kamfani ba. Ɗalibi ko malamin da aljihunsa bai yi nauyi ba yana iya sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya, ya harhaɗa abarsa a gida. To amma a cikin sassan nan akwai biyu waɗanda idan aka yi kuskure wajen zaɓensu, kuɗin da aka daɗe ana tarawa sai su salwanta. Na farko shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu kuwa shi ne babban allo, wanda masu sana'ar ke kira madabod, inda ake dasa firosesar da sauran sassa domin su riƙa isar wa juna saƙo.

Gurbi shi ne tushe

A tsakiyar kowane babban allo akwai gurbin da firosesa ke zama, ana kiransa soket. Kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa, haka kowace firosesa take da gurbinta. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa, Intel da AMD, dukansu na Amurka, kuma firosesar ɗaya ba ta shiga allon ɗaya. Kai, ko a kamfani guda ma gurabe sukan canza. Intel ya fito da gurbin LGA1200 a 2020, ya biyo shi da LGA1700 a 2021, sa'an nan LGA1851 a 2024.

Gurbin AM4 na AMD, mai ramuka 1,331, shi ne ya yi tsawon rai. An fito da shi a 2016, ya karɓi firosesocin Ryzen na farko a 2017, ya ci gaba har zuwa jerin Ryzen 5000 da suka fara fitowa a 2020. Saboda haka allunansa suka yawaita, sababbi da na gwanjo. Sai dai a sani cewa AM5 ya gaje shi tun 2022, kuma sababbin jerin Ryzen can suka koma.

Ma'adana da hoto

Allo ne ke yanke irin ma'adanar wucin gadi, wato RAM, da za a saya. Allon AM4 yana karɓar DDR4 kawai, na AM5 kuwa DDR5 kawai. A LGA1700 akwai alluna iri biyu, wasu na DDR4, wasu na DDR5, don haka sai an karanta jikin kwalin da kyau. Sandunan biyu sun yi kama a ido, amma tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, ta yadda ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya.

Haka kuma harafi guda a ƙarshen sunan firosesa yana iya sauya lissafin kuɗi baki ɗaya. Firosesar Intel da sunanta ya ƙare da F, kamar Core i3-12100F, ba ta da sashen fitar da hoto, dole sai an haɗa mata da katin hoto na daban, wanda sau da yawa yakan fi ta tsada. A firosesocin Ryzen na AM4 kuwa, masu harafin G ne ke ɗauke da wannan sashe. Misali, Ryzen 5 5600G ta 2021 tana da ƙwayoyin lissafi 6 tare da sashen hotonta, ta kuma wadatar wajen rubutu, lissafi da koyon tsara manhaja. Wanda ya sayi mai F don ganin sauƙin farashi, ba tare da kati ba, zai kunna na'urarsa ya ga duhu. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Daidai ruwa daidai tsaki

Alluna suna da daraja-daraja. Masu lambar A520 a AMD da H610 a Intel su ne na ƙasa, sun kuma isa su riƙe firosesa mai ƙarfin wat 65. Amma ɗora musu babbar firosesa mai zuƙar wuta tamkar sanya wa kaza linzami ne, domin sassan da ke daidaita lantarki a allon za su yi zafi, gudun na'urar ya ragu.

Akwai kuma tarkon BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin allo wadda ke gane firosesa yayin kunnawa. Allon B450, wanda ya fito a 2018, ba ya gane Ryzen 5000 sai an sabunta masa wannan manhaja, ko da yake gurbin ɗaya ne. Masu ƙera alluna sukan buga jerin firosesocin da kowane allo ke karɓa, kuma duba wannan jeri wajibi ne kafin a miƙa kuɗi.

Mai sayen na gwanjo ya duba allurai a cikin haske. A AM4 suna jikin firosesa, a guraben LGA kuwa suna cikin allo, kuma lanƙwashewar guda ɗaya tana iya hana aiki. A lokacin hunturu, busasshiyar iska tana sa lantarki ya taru a jikin mutum, don haka ya kamata a taɓa ƙarfen akwatin kwamfuta kafin a ɗauki kowane sashe.

Tsarin saye dai shi ne a fara tantance aikin da za a yi, a zaɓi firosesar da ta dace da shi, sa'an nan a nemi allon da ya ambace ta da sunanta. Abin da ya rage na kuɗi sai a zuba shi a ma'adana da akwatin wuta mai inganci.