Tulun Irin Shanu: Yadda Za Mu Ɗauke Shi, Mu Ajiye Shi

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyoyinmu na Taloka da Goronyo an yi shawarar inganta shanunmu Bokoloji da irin bijimai masu kyau. Malamin dabbobi yakan kawo maniyyin bijimi a cikin 'yan tsinkaye, ya ɗura wa saniya. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana wannan aiki. Amma irin ba ya rayuwa sai a cikin wani tulun ƙarfe na musamman. Tun da kuɗin ƙungiya ne za a sa, ya kamata mu san shi.

Tulun yana da bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar filas na shayi. A ciki akwai ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Kullum ruwan yana komawa iska kaɗan kaɗan. Lita ɗaya takan zama iska wajen lita 700. Ba ta kama wuta, ba ta da wari ko launi, amma a rufaffen wuri takan kori iskar da muke shaƙa. Mutum sai ya faɗi bai ji kome ba.

Saboda haka, in za a ɗauko tulun daga Sakkwato ta hanyar Wurno, a sa shi a bayan a-kori-kura, ba wurin zaman direba ba. A tsai da shi tsaye bisa tsohuwar taya ko katifa, a ɗaure da igiya. Kada a kwantar da shi, kada a mirgina shi kamar duro. Wuyansa ba shi da ƙarfi. In ya tsage, sanyin ya tafi.

Murfinsa sako-sako aka yi shi da gangan. Kada kowa ya toshe bakin da tsumma ko roba, gama tulun zai iya fashewa.

A gida, a ajiye shi a inuwa, cikin ɗaki mai tagogi wanda ba a kwana ciki, bisa katako, nesa da takin zamani da yara. Kowane mako a tsoma sandar awo wadda ba ta da rami, a fitar, a kaɗa ta. Inda ta yi fari, nan ruwan ya tsaya. A rubuta a littafi, a ƙara ruwa tun bai yi ƙasa ba. In kun ga raɓa ko ƙanƙara a jikin tulun, ya lalace. Ku kira malami ran nan. Mai buɗewa ya sa safar hannu da tabarau, gama ruwan yana ƙona fata kamar wuta.

In tulun ya bushe, irin ya mutu, shekara ta wuce mu ba maraƙi. Bari kowace ƙungiya ta zaɓi amintacce ɗaya ya riƙe littafin. Ubangiji ya sa albarka ga garkunanmu.