Tsoffin zakaru ko sabbin jini: Muhawarar da ta raba kan magoya bayan zari-ruga a Afirka ta Kudu

Ba kasafai ake ganin ƙasar da ke riƙe da kofin duniya tana cacar baki a kan wa ya kamata a sallama daga tawaga ba, amma wannan shi ne halin da ake ciki a Afirka ta Kudu tun bayan daren 28 ga Oktoban 2023, lokacin da tawagar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar, wadda ake yi wa laƙabi da Springboks, ta doke New Zealand da maki 12 da 11 a birnin Paris. Kofi na huɗu ke nan bayan na 1995 da 2007 da 2019, kuma babu ƙasar da ta kai wannan adadi. Tun ƙurar biki ba ta lafa ba magoya baya suka fara lissafin shekarun gwarazan nasu, domin gasa ta gaba za ta zo ne a Ostireliya a 2027.

Lissafin ba mai daɗi ba ne. Kyaftin Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar, an haife shi a watan Yunin 1991, don haka zai shiga gasar yana da shekara 36. Eben Etzebeth, wanda ya fi kowa yawan buga wa ƙasar wasa tun da ya wuce tarihin Victor Matfield na wasanni 127 a watan Satumban 2024, zai cika 36 ana tsakiyar gasar. Pieter-Steph du Toit zai kasance yana da 35, Damian de Allende kuma yana dab da 36. A ƙwallon ƙafa ɗan wasa mai irin waɗannan shekaru yana iya lallaɓawa da dabara da iya tsayuwa. Zari-ruga wasa ne na karo: mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, minti tamanin ana gwabza ƙirji da kafaɗa, takwas daga cikinsu kuma aikinsu ya haɗa da sunkuyawa su haɗa kai da takwas na abokan hamayya a yi turereniya. Steven Kitshoff, ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan turereniya a kofuna biyu na baya, ya ajiye wasa a farkon 2025 saboda raunin wuya, yana da shekara 33 kacal.

Masu cewa a fara sallamar tsofaffi ba su rasa hujja ba, kuma hujjarsu daga tarihin gida take. A 2011 koci Peter de Villiers ya tafi gasar duniya da akasarin waɗanda suka ci kofin 2007, ya kuma riƙe John Smit a matsayin kyaftin alhali mutane da dama na ganin Bismarck du Plessis ya fi shi kuzari a gurbin da suke takara. Ostireliya ta fitar da su a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe da maki 11 da 9. Shekara huɗu bayan haka Heyneke Meyer ya sake jingina da gogaggu, har da Matfield mai shekara 38 wanda ya dawo daga ritaya, sai Japan ta lallasa su 34 da 32 a garin Brighton na Ingila. Har yau ana ambaton wannan wasa a matsayin abin mamaki mafi girma a tarihin gasar. Ga wannan ɓangare na magoya baya, kara ce ke kashe zakaru: koci ya kan ji nauyin ajiye mutumin da ya ci masa kofi, har ranar da abokan hamayya za su ajiye masa shi a bainar jama'a.

Ɗaya ɓangaren kuma yana nuna daren Paris ɗin da kansa. Afirka ta Kudu ta ci wasanninta uku na ƙarshe a 2023 ne da tazarar maki ɗaya-ɗaya: 29 da 28 a kan Faransa mai masaukin baƙi, 16 da 15 a kan Ingila, sannan 12 da 11 a wasan ƙarshe. Irin wannan nasara ba ta gudu ko tsalle ba ce, ta sanyin kai ce. Minti kaɗan da fara wasan ƙarshe Bongi Mbonambi ya ji rauni, wanda ya maye gurbinsa kuma shi ne Deon Fourie mai shekara 37, wanda ya ɗauki kusan dukkan wasan a gurbin da ba shi ya saba bugawa ba a shekarunsa na baya-bayan nan. Da wuya a ce matashi mai wasa biyar ko shida a tarihinsa zai iya ɗaukar wannan nauyi.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne kan riga mai lamba 10, wato ɗan wasan da ke tsara hari kuma galibi shi ke bugun ƙwallo tsakanin turaku don samun maki. Mutum uku ne ke takarar ta, kowannensu da rundunar masoyansa.

Handré Pollard shi ne na masu son tabbas. Ba ya cikin tawagar farko da aka sanar a 2023 saboda jinya, sai da Malcolm Marx ya ji rauni a gwiwa aka kira shi. A wasan Ingila, cikin ruwan sama, an cire Manie Libbok bayan kimanin rabin sa'a aka sa Pollard, shi kuma ya buga ƙwallon da ta raba gardama daga kusa da tsakiyar fili ana saura minti biyu a tashi. A wasan ƙarshe dukkan maki 12 ɗin daga ƙafarsa suka fito. Masu sukarsa na cewa idan yana fili wasan ya kan zama mai nauyi, ba walwala, 'yan gefe masu gudu irin su Cheslin Kolbe su yi ta jiran ƙwallon da ba za ta zo ba.

Libbok kishiyarsa ne. Yana ganin kafar da wasu ba sa gani, yana jefa ƙwallo inda ba a zata ba, amma ƙafarsa ta sha ba shi kunya a lokacin da ake buƙatarta. A watan Satumban 2024 ya ɓarar da bugu na dab da tashi a Ajantina, aka sha kashi 29 da 28, kuma shafukan sada zumunta suka yi masa ca. Abin da koci Rassie Erasmus ya yi a makon da ya biyo baya ya nuna yadda yake kallon batun ƙoƙarin ɗan wasa: ya sake fara wasa da Libbok, amma ya karɓe masa aikin bugun maki ya ba Jaden Hendrikse. An ci Ajantina 48 da 7 a Mbombela, aka ɗauki kofin ƙasashe huɗu na kudancin duniya. Erasmus ya raba mutumin gida biyu, ya ajiye abin da ya gaza a kai, ya yi amfani da abin da ya fi kowa iyawa. Magoya baya ba su cika yin irin wannan rarrabewa ba. A wurinsu ɗan wasa ko yana kan ganiyarsa ko ya ƙare.

Na ukun shi ne Sacha Feinberg-Mngomezulu, haifaffen 2002, wanda ya fara buga wa ƙasar wasa a 2024. A watan Satumban 2025 ya ci maki 37 shi kaɗai a wasan da aka doke Ajantina 67 da 30 a Durban, ya karya tarihin Percy Montgomery na maki 35 a wasa guda. Tun daga ranar masoyansa suka ɗauka an rufe magana. Sai dai shi ma ya riga ya sha jinya fiye da sau ɗaya a ɗan gajeren lokacin da ya yi, kuma bai taɓa buga wasan gasar duniya ba.

Kakar 2025 ta ba kowane ɓangare abin kafa hujja cikin wata guda. A watan Agusta, a filin Ellis Park na Johannesburg, Springboks sun kai ga maki 22 ba ko ɗaya a kan Ostireliya, sannan suka bari aka ci su 38 da 22. Nan take aka ce tawagar ta tsufa. Bayan sun sake faɗuwa a hannun New Zealand a Auckland, Erasmus ya sauya da yawa daga cikin 'yan bayan, ya haɗa Damian Willemse da Canan Moodie a tsakiya, aka je Wellington aka ci New Zealand 43 da 10, kashi mafi muni da ƙasar ta taɓa sha a tarihinta. Masu son sabbin jini suka yi ta murna. Amma Kolisi ne ya jagoranci wannan wasa, du Toit na ciki, Kolbe ya ajiye ƙwallo sau biyu, kuma Libbok da aka yi wa jana'iza a baka shi ya shigo daga benci ya juya akalar wasan.

Labarin Kolisi kansa gargaɗi ne ga masu auna ɗan wasan ƙasa da ma'aunin kulob. Bayan kofin 2023 ya koma Racing 92 a Faransa, inda mai kulob ɗin, Jacky Lorenzetti, ya fito fili a ƙarshen kaka ya zarge shi da ƙara ƙiba da rashin tasiri a fili. Kolisi ya dawo gida kulob ɗin Sharks bayan kaka ɗaya kawai. Wannan mutumin ne ya ɗaga kofin ƙasashe huɗu a 2024, ya sake ɗaga shi a 2025, ya kuma buga wasansa na 100 a watan Nuwamban 2025 a Paris, inda aka doke Faransa 32 da 17.

Akwai wani dalili da ya sa tsofaffin Afirka ta Kudu ke daɗewa, wanda ba a cika kawo shi cikin cacar baki ba. Ƙasar ta soke ƙa'idar da ke taƙaita gayyatar 'yan wasan da ke ƙetare, saboda kuɗin rand ba zai iya gogayya da albashin Turai da Japan ba. New Zealand da Ingila har yanzu ba sa gayyatar wanda ya fita waje. Shi ya sa New Zealand ta rasa Richie Mo'unga lokacin da ya tafi Japan bayan 2023, Ingila kuma ta rasa Jack Willis da ke Toulouse. Du Toit da Kolbe da de Allende sun shafe shekaru a gasar Japan, wadda wasanninta ba su kai na Faransa yawa da tsanani ba, don haka jiki na samun hutu. Du Toit ya zama gwarzon ɗan wasan duniya karo na biyu a 2024 yana buga wa kulob ɗin Toyota.

Idan aka duba da kyau, Erasmus bai ɗauki ɓangare ba, faɗaɗa rumbu ya yi. A 2024 ya yi amfani da 'yan wasa kusan hamsin a wasanni 13, ya ci 11. Tsarinsa na cika benci da ƙarti, har bakwai cikin gurabe takwas kamar yadda aka yi a wasan ƙarshe na 2023, yana nufin dattijo ba sai ya yi minti tamanin ba. Arba'in ko talatin na cikakken ƙarfi sun isa. Wannan dabara tana sayen lokaci, amma ba ta hana rauni, kuma haɗarin da ya fi girma ba a riga mai lamba 10 yake ba, inda ake da mutum uku nagari. Yana can cikin 'yan gaba, inda Kolisi da Etzebeth da du Toit da Mbonambi da Franco Mostert duk aka haife su tsakanin 1990 da 1992, kuma suna iya gajiya a kaka ɗaya. Gasar 2027 za ta ƙunshi ƙasashe 24 maimakon 20, da ƙarin zagayen 'yan 16, ma'ana duk wanda zai ɗauki kofin sai ya ci wasannin sili-ɗaya-ƙwale huɗu a jere, mako bayan mako.